"Kada ku yi wa kowa shari'a", to mu yi shiru kenan?

Mai Ganga:
Salama 'yan'uwa. Akwai abinda ya daɗe yana cina a rai. Duk sanda ka ga mai bi yana abinda bai dace ba ka buɗe baki, kafin ka rufe an jefo maka Matiyu 7:1, wai kar ka yi shari'a. Mutumin da ko aya biyar bazai iya kawo maka da ka ba amma wannan ɗayar ya haddace ta tsaf. To tambayata, Yesu cewa yayi mu rufe ido mu toshe kunne kowa yayi abinda ya ga dama? Na biyu kuma, idan akwai wanda jininka bai haɗu da nashi ba sam, ko a coci ne, zunubi ne? Don ni dai akwai su, bazan ɓoye muku ba.

Maman 'Yan Biyu:
Hhhh Mai Ganga ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma bari in faɗa maka ɗaya gefen, waɗanda suke cewa "ni gaskiya nake faɗa" ɗin nan su ma mun gaji dasu. Yarinya ta shigo sujada ba'a ga hawayen da ta sha kafin ta iya fitowa daga gida ba, tsawon siket ɗinta kawai aka gani. Kafin a tashi an gama yanke mata hukunci a benci na baya, kuma babu ko mutum ɗaya da ya tambayi sunanta.

Ɗalibin Tauhidi:
Matsalar ita ce muna karanta aya ta 1 mu rufe littafin. Ku sauka zuwa aya ta 5. Yesu yace ka fara cire gungumen dake idonka, sannan zaka gani sosai ka cire ɗan hakin dake idon ɗan'uwanka. Kenan hakin nan sai an cire shi, ba'a ce a barshi ba. A wannan surar dai a aya ta 15 da 16 yace mu yi hankali da annabawan ƙarya, ta 'ya'yansu zamu gane su. Ta yaya zaka gane ba tare da ka auna ba? A Yahaya 7:24 kuma cewa yayi kar a yi shari'a bisa ganin ido, a yi ta gaskiya. Abinda ya hana shine mutum ya hau kujerar Allah, ya yanke cewa wane ya gama lalacewa, alhali shi nashi laifin yana nan ya lulluɓe da bargo.

Mai Ganga:
Yauwa! Abinda nake faɗa kenan.

Baba Dattijo:
Ɗana kar ka yi saurin cewa yauwa. Ɗalibi ya faɗi daidai amma ka lura da wane gaɓa na jiki Ubangiji ya zaɓa. Ido. Duk wanda aka taɓa cire masa abu a ido ya san ba kowa kake bari ya matso ba, sai wanda ka tabbata hannunsa bazai yi rawa ba kuma baya jin haushinka, shi ma a hankali yake buɗe fatar yana hurawa. Tambayoyinka biyu ka kawo su kamar daban suke, ni a ganina ɗaya ce. Wanda kace jininku bai haɗu ba, shine fa wanda zaka fi saurin ganin laifinsa. Abokinka ya makara sujada kace hanya ce ta riƙe shi, wancan ya makara kace dama can bashi da tsoron Allah. Laifi ɗaya, hukunci biyu.

Ƙanwar Kowa:
Baba wannan magana ta shige ni. Amma ni bangane ba, Kirista yana da izinin ya ƙi jinin wani ne tun farko? 1 Yahaya 4:20 tace wanda yace yana ƙaunar Allah amma yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne. 3:15 ma ta fi zafi, mai kisankai ta kira shi. Ni wannan ayar tana bani tsoro domin akwai wata a ƙungiyarmu da in ta fara addu'a sai inji kamar in tashi in fita, bata min komai ba fa, yanayin maganarta ne kawai da yadda take jan "Ubangijiiii" kamar ita kaɗai ta san shi.

Maman 'Yan Biyu:
Kai Ƙanwa kin kashe ni da dariya. Kowace ƙungiya akwai irinta.

Malamar Lahadi:
Ƙanwata kwantar da hankalinki, rashin jituwa daban ƙiyayya daban. Ki gwada kanki da wannan, in kika ji yau an kwantar da ita a asibiti me zai fara zuwa zuciyarki? In kika ji wayyo, har kika fara tunanin wa zai kula mata da yara, ba ƙinta kike ba, halinku ne bai zo ɗaya ba. In kuwa kika ji wani ɗan sanyi a ƙasan zuciya, irin "Allah ya kama ta", toh nan ne ayar take magana dake. Ko manzanni ba kullum suke shiri ba. Bulus da Barnaba sunyi gardama mai zafi akan Yahaya Markus a Ayyukan Manzanni 15, don Markus ya taɓa gudu ya barsu a Bamfiliya, Barnaba yace a sake bashi dama Bulus yace ina, har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka wuce Kubrus Bulus ya ɗauki Sila. Amma je ki 2 Timoti 4:11, Bulus ɗin nan daga kurkuku yana cewa a kawo masa Markus don yana da amfani a gareshi. Bai rufe littafin yaron ba.

Shiru Ma Magana:
Ni dai ina karantawa ne amma wannan rarrabewar bata kwanta min ba. Da ita muke yaudarar kanmu. "Ina ƙaunarsa cikin Ubangiji amma bana son ganinsa." Wace irin ƙauna ce wannan? Shekara da shekaru baku gaisa ba, in ya zauna dama ka koma hagu, lokacin gaisuwar salama ka sunkuya kana gyara takalmi, ka yi bulokin ɗinsa ko'ina, sannan ranar jibin Ubangiji ku sha daga tire ɗaya. In matarka tace maka tana ƙaunarka cikin Ubangiji amma bata son ganinka zaka yarda?

Mai Ganga:
Tabɗi. Shiru in ka tashi magana baka da sauƙi.

Ɗalibin Tauhidi:
Shiru yana da gaskiya a rabi. Inda na rabu dashi, ba'a iya umartar zuciya ta ji daɗin wani, amma ana iya umartar hannu da ƙafa. Ku duba abinda Yesu ya lissafa a Luka 6:27-28, ku yi wa maƙiyanku alheri, ku sa wa masu zaginku albarka, ku yi wa masu wulaƙanta ku addu'a. Duk aiki ne da mutum zai iya tashi yayi ko ransa na so ko baya so. Martin Luther King, faston nan mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, yayi wa'azi akan wannan a 1957 a Montgomery ta Amurka, kusan shekara biyu bayan an jefa bam a gidansa matarsa da jaririyarsu suna ciki, ya nuna cewa Yesu bai ce sai maƙiyinka ya burge ka ba, akwai mutanen da shi kansa yana masa wuya ya ji daɗinsu, amma ƙauna ta wuce nan. Basamariyen Luka 10 ma ba'a ce yana sha'awar Bayahuden da ya tsinta a hanyar Yariko ba, mutanensu basa ga maciji. Ya zuba masa mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a dabbarsa, ya biya dinari 2 a masauƙi yace in an kashe fiye zai biya in ya dawo. Amma mai sunkuyawa yana gyara takalmi ɗin nan da Shiru ya faɗa, wannan ko aikin baya yi, don haka bashi da mafaka a maganata.

Shiru Ma Magana:
To in haka ne mun kusa haɗuwa. Ni abinda na tsana shine a mayar da ita lasisin gaba.

Maman 'Yan Biyu:
Ku tsaya, kar kuma a wuce gona da iri. Akwai mutumin da nisa dashi shine lafiya. Na san wata baiwar Allah da mijinta yake duka har ta kwanta, duk sanda ta kai ƙara sai ace mata ki yi haƙuri, ki gafarta, kar ki yi masa shari'a, ƙauna tana jure komai. Da 1 Korantiyawa 13 aka riƙa mayar da ita gidan. Ranar da na je dubata idonta ɗaya a rufe yake ya kumbura, tana ƙoƙarin ɓoye min da gefen mayafi tana cewa ƙofa ce ta buge ta. Shi kuma ranar Lahadi yana gaba yana ɗaga hannu. Wallahi in wannan ce ƙaunar da muke koyarwa to mun cuci mutane.

Baba Dattijo:
Maman 'Yan Biyu, Allah ya saka miki da kika kawo wannan. Waɗanda suka mayar da ita basu ƙaunace ta ba, shi ma basu ƙaunace shi ba, sun dai guje wa rigima ne suka sa mata sunan haƙuri. Dawuda ya samu Saul a kogo, ya yanki gefen rigarsa kawai bai kashe shi ba, Saul yayi kuka yace ka fini adalci. Amma ki karanta ƙarshen 1 Sama'ila 24, Saul ya tafi gida, Dawuda da mutanensa suka koma mafakarsu. Bai bi shi fada ba don yaga hawaye. Romawa 12:18 ma da sharaɗi tazo, in mai yiwuwa ne, iyakar abinda yake daga gefenku, ku zauna lafiya da kowa. Manzo ya san wani lokaci baya yiwuwa. Paparoma John Paul na biyu, wanda aka harba a 1981, ya je har kurkuku a 1983 ya zauna da wanda ya harbe shi ya gafarta masa, amma mutumin ya cigaba da zaman kaso a Italiya har 2000. Gafara bata hana hukuma aikinta, bata kuma hana mace ta tsira da ranta.

Ƙanwar Kowa:
Shi yasa ni nake riƙe da "ka ƙi zunubi ka ƙaunaci mai zunubi". Wace aya ce ma?

Ɗalibin Tauhidi:
Ba aya bace Ƙanwa, babu ta a Littafi Mai Tsarki. Asalinta ana kaiwa ga Agustin, bishop ɗin Hippo a Arewacin Afirka wanda ya rasu a 430, cikin wata wasiƙa da ya rubuta wa wasu mata masu zaman zuhudu da rikici ya shiga tsakaninsu, yace a yi gyara da ƙaunar mutane da ƙin mugayen halaye. Maganar bata da laifi. Mu ne muke cika rabin farko da mudu a danne, rabi na biyu kuma ko rabin mudu baya kaiwa.

Shiru Ma Magana:
Kuma kullum zunubin wani ne ake ƙi. Ban taɓa jin mai gulma ya tashi yace na tsani gulma amma ina ƙaunar kaina ba. Laifi tudu ne dai.

Mai Ganga:
To naji duka. Amma har yanzu ba'a bani amsa a aikace ba. Misali naga wani a ƙungiyar mawaƙa yana abinda na tabbata ba daidai bane, da idona na gani ba labari ba, kuma dama can bama shiri. In nayi magana ace ƙiyayya ce, in nayi shiru kuma raina yana damuna. Ya zanyi?

Malamar Lahadi:
Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa maka hanya ai. Ka je ka same shi ku biyu kaɗai. In bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi sai a kai wa ikkilisiya. Mu kuma daga sama muke farawa, kowa ya ji, an yi sikirinshot an tura guruf uku, an sa a status da "wasu mutane dai Allah ya shirye su", an kawo shi taron addu'a a matsayin "roƙon addu'a" da cikakken bayani harda kwanan wata, mai laifin ne na ƙarshe da zai sani. Kuma ka lura da dalilin zuwan, ayar tace in ya saurare ka ka samo ɗan'uwanka. Samo shi ake nema. In kana tafiya kana fatan ya musa don ka samu hujjar kaiwa gaba, zauna a gida tukuna.

Baba Dattijo:
In ƙara akan na Malama. Kowa ya san "ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka", amma kaɗan ne suka san inda Yesu ya ɗauko ta. Littafin Firistoci 19:18. Aya ta 17 dake gabanta cewa tayi kar ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, ka tsauta masa a fili don kar ka ɗauki zunubi saboda shi. Ka gani? Shirun nan da muke ɗauka kirki ne, sau da yawa nan ƙiyayya take kwanciya tayi ƙiba. Kana masa murmushi kana tara masa fayil a zuciya. Amma ɗana, tunda kace baku shiri, ga shawarata. Ka ɗauki kwanaki kana masa addu'a da sunansa, ba irin ta "Ubangiji ka tona asirinsa" ba, ka roƙa masa abinda kake roƙa wa kanka, aikinsa, lafiyarsa, gidansa. Yana da wuya ka daɗe kana roƙa wa mutum alheri baka fara ganinsa a matsayin mutum ba. In bayan haka har yanzu kana jin daɗin cewa ka kama shi, to ba kai ne zaka je ba, ka nemi wani da yake ƙaunarsa kuma yake iya riƙe sirri. Galatiyawa 6:1 tace a komo da shi da tawali'u, kana lura da kanka.

Mai Ganga:
Baba addu'ar nan tafi zuwan wuya fa.

Baba Dattijo:
Na sani. Shi yasa na baka ita.

Shiru Ma Magana:
Amma Baba ba kullum ake zuwa a ɓoye ba. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya, Galatiyawa 2, lokacin da ya daina cin abinci da al'ummai don tsoron mutanen da suka zo daga wurin Yakubu. Yesu kuma ya kira Farisiyawa kaburbura masu farar ƙasa, macizai. Wannan ba laushi bane.

Ɗalibin Tauhidi:
Gaskiya ne, amma duba su waye. Bitrus shugaba ne, abinda yayi a fili yayi shi kuma har ya ja Barnaba ya bi shi, dole gyaran ya zama a fili. Kuma ka lissafa waɗanda Yesu yayi wa kakkausar magana, kusan duka malaman addini ne masu ganin kansu tsarkaka. Zakka mai karɓar haraji, gidansa ya je ya sauka. Matar da aka kama da zina a Yahaya 8, sai da masu duwatsu suka watse ɗaya bayan ɗaya tun daga manya, sannan yace shi ma bai hukunta ta ba, ta tafi kar ta ƙara. Duka biyun ya faɗa, amma wanne ya fara? Mu kuma mun juya abin, mai kuɗi da mai muƙami muna musu laushi, yarinyar da tayi ciki ita ake tsayarwa a gaban jama'a, wanda yayi mata cikin kuma ba'a ma tambaya. Ko a Yahaya 8 ɗin ita kaɗai aka kawo, alhali Shari'ar Musa su biyu tace.

Maman 'Yan Biyu:
Faɗa musu dai Ɗalibi! Kuma in an sa mutum a horo sai a manta dashi a bencin baya, babu mai zuwa gidansa, babu mai kira. Wata shida, shekara, wasu daga nan suke ɓacewa gaba ɗaya.

Malamar Lahadi:
Alhali a 1 Korantiyawa 5 da Bulus yace a fitar da mutumin da yake zama da matar ubansa, a wasiƙa ta biyu sura 2 yana roƙonsu game da wanda aka hora cewa ya isa haka, su gafarta masa su ta'azantar dashi kar baƙin ciki ya haɗiye shi. Masana da yawa suna ganin mutum ɗaya ne, wasu sunce wani ne daban, ko ma wanene dai horon yana da ranar ƙarewa. Wani abu kuma a 5:12, Bulus yace ina ruwansa da yi wa na waje shari'a, na ciki ne namu. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a zagin waɗanda basu taɓa cewa suna bin Yesu ba, kwament ɗinmu a Facebook kaɗai ya isa shaida.

Ƙanwar Kowa:
Toh ni yanzu tambayar da ta rage min, in fasto ne fa ko dattijo? Don duk wannan matakan da kuke faɗa suna aiki ne in ku biyu daidai kuke. Ni yarinya in je in ƙwanƙwasa ofis ince Baba naga kuskurenka? Kafin in rufe baki za'a ce kar ku taɓa shafaffena.

Baba Dattijo:
'Yata wannan ayar Zabura 105:15 ce, kuma akan kakannin Isra'ila take magana lokacin da suke yawo cikin al'ummai, Allah yana gargaɗin sarakuna kar su cuce su. Ba'a rubuta ta don rufe bakin 'yan coci ba. Natan ya shiga har gaban sarki Dawuda, shafaffe na gaske, yace kai ne mutumin. Game da dattawa 1 Timoti 5:19-20 tace kar a karɓi ƙara sai da shaidu biyu ko uku, wannan kariya ce daga sharri, amma ta cigaba tace waɗanda suka nace da zunubi a tsauta musu a gaban kowa. Ke kuma bance ki je ke kaɗai ba, musamman in abin ya shafi taɓa mutunci ko kuɗi. Ki nemi babbar mace mai hankali ko wani dattijon ku tafi tare. In laifi ne da doka ta hana, kamar taɓa yara, wannan ba maganar cikin gida bace, hukuma ake kaiwa.

Shiru Ma Magana:
Shaidu biyu ko uku. Baba a ina za'a samo su? Kowa ya gani, kowa yana faɗa a bayan fage, ranar da aka ce a tsaya a maimaita a gaban kwamiti sai kowa yace shi bai ga komai ba shi baya son shiga shari'ar bawan Allah. Wanda ya tsaya shi kaɗai shi ake kira ɗan tawaye.

Mai Ganga:
Ni zan tsaya.

Maman 'Yan Biyu:
Kai da ko addu'ar da Baba ya baka baka fara ba hhhh

Admin:
Jama'a maganar shugabanni babba ce, ku buɗe mata wani zaren daban gobe don wannan yayi tsawo. Kuma don Allah banda kiran suna ko sunan coci, na goge kwament biyu yanzun nan.

Shiru Ma Magana:
Admin ɗaya nawa ne, kuma ban kira suna ba, muƙami kawai na faɗa. A dawo min dashi.